Ɓarɓashin Katako a Kejin Wakame

Da Chizuru ta sami aikin jinya a birnin Sapporo, can arewacin Japan, sai ta tarar gidan hayar da ta kama ba a yarda a ajiye dabba ba. Dole ta bar wa mahaifinta Shigeo amanar Wakame, koren ƙadangaren iguwana da ta raina shekara tara.

"Baba, ganye da safe, fitilar ɗumi a kunne," in ji ta a bakin ƙofa. "Ƙasan keji kuma jarida kawai za a shimfiɗa, a sauya kullum."

Shigeo kafinta ne, shekara arba'in yana ƙera bahon wanka da katakon hinoki, wani icce mai ƙamshi. Mutumin kirki ne, amma in magana ta zo kan katako, ba ya jin ta kowa. Kwana uku yana kallon jaridar nan tana ba shi haushi, a na huɗu ya kwashe ta. Ya kinkimo buhun ɓarɓashin hinoki daga shago, mai laushi da ƙamshi, ya zuba har ya rufe ƙasan kejin.

Matarsa Fumie ta leƙo. "Baban Chizuru, yarinyar nan fa jarida ta ce."

"Jarida? Baƙon 'yata zai kwana a kan tallan sabulu a gidan kafinta? Ki shinshina ki ji. Masu otal kuɗi suke biya don wannan ƙamshin, ni in zubar?"

"To, sarkin katako. Ni dai na faɗa."

Shi kuwa Wakame da harshe yake gane duniya. Duk abin da ya gani sai ya lasa, ganyen da ya faɗo ƙasa kuma tare da ɓarɓashi yake haɗiye shi. Bayan mako uku ya rage ci, ya daina kashi, numfashinsa ya yi nauyi. Shigeo ya ce sanyi ne, ya ƙara masa shimfiɗa.

Sai da Wakame ya kasa ɗaga kai suka kai shi asibitin dabbobi. Likitar ta ɗauki hoton cikinsa, ta nuna wa Shigeo wani dunƙule a hanji.

"Kurihara-san," ta kira shi da sunan gidansu cikin girmamawa, "wannan katako ne ya toshe hanjin. Man da ke ba hinoki ƙamshi kuma yana ƙona wa ƙadangaru huhu. Ya jima yana fama da ciwo, su ba sa kuka ne kawai."

An yi masa aiki da rana, kafin la'asar ya mutu.

Washegari Chizuru ta sauka daga jirgi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zargi kowa ba, abin da ya fi yi wa Shigeo ciwo ke nan. Ta daɗe a tsugune gaban kejin, sannan ta juyo.

"Baba, ya sha wahala?"

Shigeo ya so ƙwarai ya ce a'a. Ya sunkuyar da kai.

"Ya sha, Chizuru. Ni na jawo masa."

Jama'a, dabba ba ta da bakin da za ta ce shimfiɗarta na cutar da ita. Kada a zuba wa iguwana ɓarɓashin katako, yashi ko tsakuwa. A shimfiɗa takarda ko tayil, a tambayi likita. Ƙwarewarka a sana'arka ba ta mayar da kai masanin dabbar da aka ba ka amana.