Rakiya Zuwa Yamai

Da wani jirgin sama ya yi ruri, jikokin biyu suka ƙanƙame ƙafafun tsohuwar, ƙaramin ya fashe da kuka.

Ta durƙusa ta shafa kansa. "Yi shiru, maigidana, tsawa ce. Kai ba ka san ta ba, don tun da aka haihe ka ba a yi ruwan kirki a garinmu Damana ba."

Fari ya cinye gero, ya cinye awaki, daga baya zazzaɓi ya ɗauke uwarsu. Shi ya sa kawunsu ya zo daga Abijan don ya tafi da su inda ake ci a ƙoshi. Tun safe take tsare da su a filin jirgin Yamai, ta ɗaure hannuwansu da gefen zanenta kada cunkoso ya raba su. Ta dama musu ragowar fura, ta yi ta musu tatsuniya har suka yi dariya.

Aka kira matafiya. Ta kwance zanen, ta damƙa su a hannun kawun. Babbar ta waiwayo. "Kaka, ke fa?"

"Ku yi gaba, in ɗaure kayana. Ina nan tahe."

Suka tafi suna tsalle. Ta laɓe a jikin shinge har jirgin ya ɓace, ko hannu ba ta ɗaga ba, kada su hango ta su gane.

A tashar motar Filinge, hanyar komawa gida, direba ya leƙo. "Iya, ku nawa ne?"

"Mu ukku," ta ce. Sai ta dubi hagu, ta dubi dama, ta hau ita kaɗai.