Ruwan Rijiyar Bayan Makaranta

Dakta ya goge kujerar da hankici kafin ya zauna. Ba don masu ɗaukar nauyin bincikensa na ruwan rijiyoyi sun tilasta masa yi wa jama'a bayani ba, me zai kawo shi ajin firamare, gaban masu wanki da 'yan tireda? Shi da ko sunayen unguwanni bai damu da su ba. Kwalaben ruwa ake kawo masa ɗakin gwaji da lamba a jiki, ya auna, ya rubuta.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, tana cewa ɗansu yana ta rigima kwanan nan, ba ya cin abinci.

"Ki tambayi mai rainonsa," ya ce, ya kashe. Inda take kai yaron kullum da safe in za ta aiki, wannan harkar mata ce.

Ya miƙe ya kunna majigi. Ya zubo musu jadawali da Turancin da ya jawo masa tafi a taron masana. Gubar dalmar da ya gano a rijiyoyinsu tana lalata ƙwaƙwalwar yara, amma faɗin haka ƙiri-ƙiri ai zubar da girma ne. Mutane suka yi ta gyaɗa kai don kunya.

Can baya wata mata ta ɗaga hannu. Goyo ne a bayanta, lulluɓe da mayafi, yana ta ƙananan kuka.

"Ranka ya daɗe, rijiyar bayan makarantar nan kun ɗebi ruwanta. Mu sha ko kar mu sha?"

"Baiwar Allah, kimiyya ba e ko a'a ba ce."

"To in na tafasa fa?"

Ya san tafasawa ba ta cire dalma. Amma tambayar ta yi masa arha.

"Duk yana cikin mujalla. Kuma don Allah fitar mana da yaron nan, ya cika mana kunne."

Ta fita sum-sum. Ta biya rijiyar ta ja ruwa, a gida ta tafasa shi sosai yadda ta saba, ta dama madara ta ba yaron, ya shanye tas.

Da yamma uwarsa ta zo ɗaukarsa. Matar ta miƙa mata shi tana dariya.

"Yau har taron masu ilimi muka je da shi. Wani mai baƙin tabarau ya kore mu."

Matar Dakta ta saɓa ɗanta a kafaɗa. "Ai kuwa babansa ma yau yana da taro a unguwar nan."