Agogon da Ba Ya Jin Ciwo

Ƙashin ƙwaurin Barewa ya karye gida biyu a kilomita na talatin da ɗaya, ranar Lahadi da hantsi, a gaban masu miƙa wa 'yan tsere ruwa. Ita ce ta uku a gasar a lokacin. Shekararta ashirin da shida, tara daga ciki a tseren dogon zango ta yi su.

Barewa laƙabi ne da ya bi ta tun tana makaranta. Shekara biyu da suka wuce wani kamfanin takalma ya ɗauki nauyinta. Ya ba ta koci, ya kuma ɗaura mata agogon hannu mai ƙidaya gudunta. Agogon na aika lissafin kai tsaye zuwa shafin kamfanin na intanet, inda kowace Juma'a ake sa labarinta: ta yi kilomita kaza a wannan mako, tana nan garas.

Wata biyu kafin gasar, ƙafar ta fara zogi. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙashin ya tsage, sai ta huta mako shida.

Ta kai takardar likitan ofishin kamfanin. Jami'in da ke rubuta labaran ya karanta, ya ninke ta gida huɗu, ya mayar mata.

"Ƙanwata, mako shida me zan sa a shafi? Hoton kujera? Mutane lamba suke son gani. Sa doguwar safa ki rufe bandejin, ki sha maganin rage zafi. Bayan gasa kya huta har ki gaji."

A gida, yayanta mai gyaran keke ya ga tana ɗingishi.

"Kawo agogon nan in ɗaura wa keke," in ji shi. "Kullum in yi musu kilomita talatin, ke kuma ki kwanta. Ai agogo bai san ƙafa da taya ba."

"Yaya, ni ba na ƙarya."

"To ita safar fa, gaskiya ce?"

Washegari ta ɗaure takalmi ta fita. Mako takwas shafin na cewa tana nan garas.

Kwana uku bayan an yi mata tiyata, jami'in ya zo asibiti da lemo a leda da wata takarda. An rubuta cewa kofin ruwa ta taka, santsi ya kwashe ta.

"Sa hannu nan kawai. Tsautsayi ne, kowa zai tausaya miki."

Barewa ta karanta har ƙasa, ta miƙa masa abarsa.

"Ban taka kofi ba. Wata biyu ina taka tsagaggen ƙashi, kai kana ɗaukar hoto. Ni ma da laifina, amma ba zan ƙara da wannan ba."

"To ba ni agogon. Na kamfani ne."

"Yarjejeniya ta ce in sa shi kullum har ƙarshen shekara. Kai da kanka ka ja wa wurin layi."

Jami'in ya tashi. Yayanta da ke zaune a gefen gadon ya ce, "Malam, lemon dai bar mana."

Agogon ya ci gaba da aikinsa daga gadon asibiti. Kowace rana lamba ɗaya yake aikawa: sifili. Da masu bibiyar shafin suka fara tambaya, Barewa ta amsa musu da hoton takardar likita ta farko, kwanan wata a sama, alamun ninkin a jiki. A rana ta biyar kamfanin ya cire lissafinta daga shafin.

Mai karatu, idan jikinka ya ce tsaya, likita ya ce tsaya, to ka tsaya, ko wa ke jiran labarinka. Wanda ya ɗauki nauyinka gobe zai sami wani ɗan tsere. Kai ba ka da inda za ka samo wata ƙafa.

An sa wa Barewa ƙarfe a ƙwauri. Likita ya ce za ta yi tafiya. Batun gudu kuwa, ya ce sai ya ga hoton ƙashin bayan wata shida.