Sabbin Idanun Barau

Shekara arba'in ni da Barau muna ɗinkin hula a rumfa ɗaya, kuma kowa ya san na fi shi hannu. Yanar ido ta kama mu kusan lokaci guda. Da aka kawo na'urar dasa sabbin idanu kyauta a asibitin garinmu, tare muka je ta duba jininmu. Bayan mako biyu aka kira shi, aka dasa masa. Ni kuwa shiru.

Ranar Laraba ina ta laluben kafar allura, shi ko ya zura zarensa sau ɗaya tak.

Ya ce, "Ilu, kawo in zura maka."

Na ce, "Bar shi. Ba yau na fara ba."

Masu saye da suka saba tsayawa wajena duk sun koma gabansa suna yabon aiki. Abin ya tsaya mini a rai. Na tashi na nufi asibiti, na sami ma'aikaciyar da ke rubuta sunaye.

"'Yata, wa Barau ya sani a nan da ni ban sani ba?"

"Baba, ba mu muke zaɓa ba. Idanun ba su da yawa, shi ya sa na'urar take duba jini, ta fara ba waɗanda za su daɗe a duniya suna amfani da su."

"To ni fa?"

Ta duba allon da ke hannunta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kife shi. Ta kawo mini kujera da ruwan sanyi, ta tambaye ni ko akwai wanda zai raka ni gida.