Zanen Inna a Hoton Jarida

Kwana huɗu ke nan wayar Iyatu ba ta shiga. Ta je ta'aziyya Damagaram, a hanyar dawowa ta kira daga Arlit ta ce sun shiga mota, daga nan shiru. Khalida, 'yarta tilo, ta rufe shagon atamfarsu da ke Tamanrasset tun kafin azahar, ta nufi ɗakin karatu na jami'a inda intanet ba ya yankewa.

Da farko ta yi abin da tsoro ke sa mutum. Ta zuba wa injin bincike damuwarta duka a jimla guda, har da "don Allah". Shi kuwa ba ya jin roƙo. Ya kawo mata tallan yawon buɗe ido a duwatsun Hoggar da farashin tayoyi.

Ta zare takalmin hagu tana sosa tabon da ke dunduniyarta, halinta ne in hankalinta ya tashi. Garwashin shayi ta taka tana koyon tafiya, in ji Inna Iyatu.

Sai ta tuna malaminsu na darasin bincike, tsohon nan da 'yan aji ke kwaikwayon tarinsa. Abu huɗu yake nanatawa har kunne ya gaji. A rage kalmomi: ta goge komai, ta bar mota, Assamaka, In Guezzam, garuruwan kan iyaka da ke hanyar Inna. A kulle sunan wuri cikin alamar zancen wani, kada injin ya yi ta yawo. A nema da yaren da za a rubuta labarin: ta juya Faransanci, ta gwada Larabci. Na huɗun ya ɓace mata, ba ta kuma tsaya nemansa ba.

Sakamakon ya sauko daga dubbai zuwa bakwai. Da a aji ne, da malam ya yaba mata. Na biyar jarida ce. Mota ta saki hanya tsakanin Assamaka da In Guezzam, ta lalace, ruwa ya ƙare. Mutum goma sha ɗaya suka mutu.

Akwai hoto, ɗan ƙarami, dishi-dishi. Ta ƙara masa girma. Mota a kafe cikin yashi, an ɗaure zane daga ƙofarta zuwa wata sanda don a sami inuwa. Shuɗi ne mai zanen makullai rawaya, da jan faci a kusurwa.

Khalida a cikin atamfa ta tashi, ba ta rikita zane da zane. Dila nawa ta kwance a shago, ba ta taɓa ganin irin wannan ba sai guda ɗaya, a ƙasan akwatin Inna. Iyatu ba ta ɗaura shi, ba ta ba da aronsa, amma duk ranar da za ta bi hanyar nan sai ta naɗe shi ta sa a jaka. Ita Khalida kuwa ko sau ɗaya ba a bar ta ta bi hanyar ba, Damagaram a baki kawai ta san ta.

Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke hana kuka. Ba ta da kowa a garin nan sai Inna. Uba ba ta tashi ta gan shi ba, dangi kuwa muryoyi ne a waya. Ta so ta karanta sauran labarin, haruffan suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ɗalibar da ke kusa ta tambaye ta da Larabci ko lafiya.

Wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ta ce a ranta jandarma ne, haka suke kira. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka.

"Khalida, ni ce. Muna In Guezzam, 'yan dowan, kwastan ɗin kan iyaka, suka tsare mu, wayata ta mutu, wannan aro na yi. Me ya sami muryarki?"

Khalida ta fashe da kuka a tsakiyar ɗakin karatu, ba ruwanta da masu juyowa. Da ta sami numfashi ta ce, "Inna, zanen nan mai makullai yana wurinki?"

Inna ta rage murya.

"Yana jaka. Wa ya yi miki maganarsa?"

Mai wayar ya karɓi abarsa kafin Khalida ta amsa.

Ta share fuska, ta juya za ta rufe shafin, tana jin kunyar kanta. A nan abu na huɗu ya dawo mata, da muryar malam har da tarin: a duba kwanan wata. Ta duba. Labarin ya shekara goma sha tara.

Yanzu haruffan sun tsaya, ta karanta har sakin layi na ƙarshe. Rai ɗaya aka samu a ƙarƙashin zanen, jaririya 'yar wata biyar, wata mai sayar da atamfa a Tamanrasset da ke cikin motar da ta tsince su ta ɗauke ta, kuma ba abin da ya same ta sai ƙunar ƙarfen mota a dunduniyar hagu.