Motar da ta Kwana Tara a Ruwa

Sau uku Sunusi ya sa aka wanke motar, ya ƙona turaren wuta a cikinta har idonsa ya yi ja, amma da rana ta take sai warin laka ya dawo.

Mota ce da ba a cika ganin irinta a Birnin Kebbi ba: doguwar bas da aka cire wa kujeru aka mayar da ita ɗaki, ga gado, ga wurin girki, ga tankin ruwa a sama. Ta wasu masu awon ƙasa ce. Ambaliyar bara ta rutsa da ita a fadamar Rima, ta kwana tara a cikin ruwa, Sunusi ya saye ta a farashin gwangwan. Shekararsa ashirin yana dillancin motoci a unguwar Nassarawa, kuma duk garin an san shi da abu ɗaya: Sunusi ba ya sayar da mushe.

Hodi makanike ya tayar da injin, ya sake wayoyi, aka yi mata fenti fari tas. Ham ɗin ne kawai ya ƙi jin magani, in an danna sai ya yi kuka kamar akuya mai mura. Ranar da Hodi ya shiga ƙarƙashinta kuwa, ya fito fuskarsa ba annuri.

"Alhaji, bututun birki ya ruɓe, tun daga gaba har baya. A shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta tsaya. Amma ranar da anka yi mata lodi ta kama gangara, wallahi sai dai addu'a."

Sunusi ya tambayi kuɗin sabo, ya ji, ya yi tsaki. Aka liƙe wurin da gam, aka shafa baƙin fenti. Hodi ya karɓi ladarsa, bai ko ƙirga ba, ya tafi.

Bayan sati guda wani dattijo ya zo daga Argungu, sunansa Yari. Tun daga bakin rumfa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, abin da mai sayen mota ba ya yi. Ya ce aiko shi aka yi. Wanda ya aiko shi yana da injin casar shinkafa, duk kaka yana bin fadamu wata uku, daga wannan gona zuwa waccan, yana kwana a bukka da sauro da macizai, iyalinsa kuma can a gida. Bana yana son mota mai ɗaki, ya ɗauki matarsa da yaransa biyu, ya ja injin a baya. Abin da ya tara a shekara huɗu ke nan a jakar Yari, kuma ba shi da yawa.

"To mi ya hana mai abin zuwa da kansa?"

"Ya ce ba ya iya haɗa ido da kai a kan ciniki."

Sunusi ya yi dariya har da buga cinya. Ashe har Argungu an san zafin cinikinsa! Daɗi ya kama shi, shi da dama ba ya ƙin yabo.

Akwai wata tsohuwar bas a gefe, mummuna, duk ta lotse, amma lafiyarta ƙalau kamar jaki. Yari ya tsaya a kanta. Sunusi ya faɗi kuɗin da ya san jakar ba za ta kai ba, sannan ya ja hannun dattijon zuwa farar. Ya buɗe ƙofa, ya nuna gado, ya murɗa famfo ruwa ya zubo. Yari ya shaƙi iska, ya ɗan yamutsa hanci.

"Ka zo da makanikenka ya duba," in ji Sunusi, don kada a ce bai faɗa ba.

"An hana ni. Ya ce duba motar da ta fito hannun Alhaji rashin kunya ne. Tayi ma an hana ni. Abin da ka faɗa, shi ke nan."

Sunusi ya dubi dattijon. Ya saba da masu zagi da rantsuwa, masu buga taya da ƙafa, waɗanda in ka cuce su ka ce wayo ka fi su. Wannan kuwa wuya aka miƙa masa. Mace da yara biyu, ga inji a baya. Har ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya tuna ɗiyarsa ta fari, Ni'imatullahi, da ke aure can Argungu, watan haihuwarta ya kusa, kuma ya ci alwashin yi mata garar da dangin miji za su daɗe suna labari. Ya haɗiye maganar.

Ya faɗi kuɗin farar, ya karɓa. "Allah ya sa albarka," ya ce. Yari ya danna ham na ban kwana, akuyar ta yi kukanta, ya kama hanya.

Kwana huɗu Sunusi abinci ba ya yi masa daɗi. Duk wanda ya sauka daga motar Argungu sai ya tambaye shi ko hanya lafiya. Lafiya lau, ake ce masa. A rana ta biyar hankalinsa ya fara kwanciya, ya shiga kasuwa da hantsi yana tayin buhunan shinkafa da man gyaɗa na gara, sai wayarsa ta yi ƙara. Ni'imatullahi ce, muryarta cike da murna, ga hayaniyar jikokinsa, ga rurin injin mota a guje. Sai kuma daga can bayan muryarta ya ji kukan akuya mai mura, sau biyu.

Ya saki buhun da ke hannunsa. "Ke! Kuna ina?"

"Baba, ga mu mun kama gangaren gada, mu duka har da injin! Surukinka ne ya aiko Yari, kunya ta hana shi zuwa. Ya ce motar da za ta ɗauki jikokinka, ba ya yarda ya saye ta a hannun kowa sai naka."