Gilashin Jawo Nesa

Ɗantsoho mai hoto dai ya sha ƙasa, kuma don abin ya cika, a ƙofar gidan su Inno, yarinyar da duk Ƙofar Kwaya aka san ita ke hana shi sakat. Kyamara a wuya, jaka a baya, ga sandunan nan uku da yake kafa ta a kai. Inno ta leƙo daga zaure, ya waiga, sanda ɗaya ta harɗe shi. Sai ga mutumin naku a kwance.

Ya miƙe yana kakkaɓe wandonsa mai faɗin ƙafa, wai shi ba abin da ya faru.

"Sannu, Malam Ɗantsoho," in ji Inno. "Kaya sun yi maka yawa, ga shi na ji za ka ƙaro wani daga Kano."

"Gilashin kyamara ne, mai jawo nesa kusa. Ina tsallaken titi sai in ɗauko har kwallin idonki."

"To saya mana." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyale. "Dama daga tsallaken titi ka fi iyawa. Sabi'u mai tirela kuwa har zaure yake shigowa. Baba ya ce Juma'a zai ba shi amsa."

Ɗantsoho ya dube ta, ta ƙi ɗagowa, amma ba ta koma ciki ba. Ya jingine sandunan a bango, ya tuɓe takalmi.

"Na fasa gilashin. Yi mani sallama da Baba. Mai tirela ya je ya saya, shi zai koma hangen nesa."